Maƙalar Baƙo a Mujallar Masu Ƙera Manhaja: Nasiha ga Matasan Jazira da Shuɗin Nilu

Kamfanonin da ke ƙera manhajar kwamfuta da ta wayar salula sukan ajiye mujalla tasu ta kansu, inda injiniyoyinsu ke bayyana yadda suka warware wata matsala, ko yadda ake aiki da kayan da suka ƙera. Da yawa daga cikinsu sukan bar ƙofa a buɗe ga wanda ba ma'aikacinsu ba: ya aiko da rubutunsa, edita ya duba, in ya yi a buga da sunan mai shi. Wannan ita ce maƙalar baƙo. Wani kamfanin yakan biya lada, kamar yadda DigitalOcean na Amurka ya taɓa yi, har ya haɗa da gudunmawa ga wani asusun taimako da marubucin ya zaɓa. Wani kuma suna kawai yake sawa da ɗan bayanin mai shi a ƙarshe. Ga saurayi ko budurwar da suka tashi a Mai Wurno ta Sudan, ko a wani kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, na bakin tur'a, magudanar ban ruwa, tsakanin Hasahisa da Managil, ko a ƙauyukan da ke kewaye da Rusairis, suka koyi rubuta manhaja a Jami'ar Jazira ko suka koya da kansu a waya, wannan ƙofa tana da daraja. Ba a tambayar takardar shaida a bakinta, ba a tambayar ɗan gidan wane ne. Abin da aka rubuta shi ake dubawa.

Aika rubutu gidan da ba na mutum ba tsohuwar hanya ce a wannan yanki, ta kuwa taɓa motsa ƙasa baki ɗaya. A 1937 Ahmad Khair ya yi jawabi a gaban ƙungiyar adabi ta Wad Madani, yana kiran waɗanda suka yi makaranta su haɗa kai a inuwa guda. Mujallar al-Fajr ta Khartum ta buga jawabin, aka karanta shi a garuruwan da mai shi bai taka ba, a Fabrairun 1938 kuma aka kafa Mu'utamar al-Khirrijin, wato taron waɗanda suka yi makaranta, a Umdurman, wanda daga cikinsa ne manyan jam'iyyun neman 'yanci suka fito. Ahmad Khair ba ma'aikacin al-Fajr ba ne. A can ƙasar Hausa, ƙasar kakanni, da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, wasiƙun masu karatu sun zama ginshiƙi a jaridar. Duniyar kwamfuta ma haka ta faro. Mujallar Dr. Dobb's Journal, wadda aka fara a Kalifoniya a 1976, ta rayu ne da abin da masu karatu ke aikowa: wannan ya rubuta ɗan yaren BASIC da zai shiga ƙaramar kwamfutar gida, wancan ya gyara ya mayar. A cikinta aka buga sanarwar GNU ta Richard Stallman a Maris 1985.

Abu na farko da ya kamata matashi ya gane shi ne kamfani ba sadaka yake yi ba. Yana son masu karatu, yana son su yarda da shi, yana fatan wasunsu su zama masu sayen kayansa. Marubuci kuma yana son suna, da shaidar ƙwarewa da zai nuna wa mai ɗaukar aiki, da horon da ake samu a hannun edita. Ciniki ne, kuma babu aibu a cikinsa muddin kowane ɓangare ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa.

Inda yawancin masu farawa ke tuntuɓe shi ne wajen zaɓen abin rubutawa. Sukan ɗauki darasin da suka gama koyo jiya, kamar matakan farko na yaren Python, su sake juya shi da kalmominsu, su aika. Python ya fito tun 1991, an kuma rubuta gabatarwarsa sau ba adadi, wasu ma da hannun waɗanda suka gina shi. Edita ba ya bukatar wata. Mai zuwa baƙunta Umdurman ba ya kai wa masu gida tsarabar abin da ke jibge a kasuwarsu, abin da ƙauyensa ya fi su shi yake riƙowa.

Ƙauyukan nan kuwa suna da abin da suka fi kowa. Zuriyar waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Shaikh Talha wajen 1906, da zuriyar alhazan ƙasa da suka yada zango a hanyar Makka suka kama aikin auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, an yi rubutu mai yawa a kansu. Mark Duffield ya fitar da littafi a kan Mai Wurno a 1981. Bawa Yamba ya rubuta a kan Hausawan yankin Wad Madani a 1995. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, ɗan Mai Wurno, ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci. Waɗannan sun shafi tarihi da tattalin arziki da harshe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanin abin da ke faruwa idan manhajar da aka ƙera a wata nahiya ta faɗo hannun mutanen nan, inda take ƙi, da dalilin ƙinta, da yadda ake gyara ta. Injiniyan da ke zaune a Jamus ko Indiya ba shi da hanyar sanin wannan. Ɗan ƙauyen da ya iya rubuta manhaja yana ganinsa kullum a wayar mahaifiyarsa.

A ɗauki rubutu. Yaro yana tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, Larabci a makaranta da kasuwa, Turanci in ya kai jami'a. Da yawa ba a koya musu boko ba, saboda haka in za su aika saƙo da Hausa, da haruffan Larabci na wayar suke bugawa, kowa da irin tasa dabarar ta rubuta sautin da Larabci ba shi da shi. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a Disambar 2013, amma Hausar boko ce. Ma'aunin Unicode, wanda ke ba kowane harafi na duniya lambarsa, sai a fitowarsa ta 13, a 2020, ya ƙara wasu haruffan ajami da Hausa ke bukata, kuma samun lamba daban, samun wayar da za ta iya nuna harafin daban. Ga kuma rikicin layi guda da ya haɗa rubutun dama da na hagu, inda lambar waya ko sunan magani ke juyewa a tsakiyar jimla. Ga gurbin shigar da lamba da ke ƙin karɓar alƙaluman da ake rubutawa a makarantun Sudan, don wanda ya ƙera shi bai san akwai wasu alƙaluma ban da nasa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa maƙala, in mai ita ya nuna matsalar a fili, ya kawo 'yan layukan umarnin da ke maganinta.

Haka nan suna da ranar haihuwa da kuɗi da agogo. Takardun hukuma a Sudan suna son suna mai gaɓa huɗu, na mutum da na uba da na kaka da na uban kaka, alhali fom ɗin manhajar waje gurbi biyu yake bayarwa. Dattawa da yawa ranar haihuwarsu a takarda 1 ga Janairu ce, domin kintata shekarunsu aka yi, sai manhajar da ke gano maimaici ta suna da ranar haihuwa ta haɗe mutum biyu ta mai da su ɗaya. A 1992 dinar ya maye gurbin fam, a 2007 sabon fam ya maye gurbin dinar, fam ɗaya sabo ya zama daidai da dubu na tsoho, amma bakin mutane bai bar tsohon lissafi ba: mai sayar da gyaɗa zai ce miliyan alhali fam dubu yake nufi. Manhajar da ke sauraron murya ta rubuta ciniki, in ba ta san wannan ba, kuskurenta ninki dubu ne. Agogon ƙasa ma an tura shi gaba da awa guda a Janairun 2000, aka mai da shi baya a 1 ga Nuwamba 2017. Duk wayar da ba a sabunta ba ta ci gaba da nuna tsohon lokaci, duk wani tsohon bayani da aka adana tsakanin waɗannan shekaru kuma sai an yi hattara wajen lissafa sa'arsa. Ranakun hutu Juma'a da Asabar ne, ba Asabar da Lahadi ba.

Yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya koya wa yankin wani darasi mai tsada. Wad Madani ta fita daga hannun soja a Disambar 2023, ta dawo a Janairun 2025. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, soja suka sake karɓe ta a Nuwamba. Takardar kuɗi ta yi wuya, Bankak, manhajar Bankin Khartum, ta zama hanyar cefane da karɓar aike daga 'yan'uwan da ke Saudiyya, mai kanti ba ya sakin kaya sai ya ga ish'ar, wato saƙon shaidar biya, a fuskar waya. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a yawancin ƙasar, a Jazira kuma aka ɗau watanni sai dai a biya kuɗin awa a wurin mai Starlink. Wanda ya rayu cikin wannan ya san tambayoyin da littafin makaranta ke wucewa da sauri. Mutum ya danna aika kuɗi, shabaka, wato layin sadarwa, ta yanke kafin amsa ta dawo: kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? In ya sake dannawa, sau biyu za a cire? Maganin da masana suka sani shi ne wayar ta ba kowane aike lamba tasa ta daban tun kafin ta tura, yadda uwar na'ura in ta sake ganin lambar za ta gane maimaici ne. Wannan sananne ne. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne gwajin da aka yi a kan waya mai araha, da caji daga faifan sola, da shabakar da ke zuwa minti goma ta tafi. Maƙalar da ta nuna yadda ake adana aiki a cikin wayar da SQLite, a jera shi, a tura in hanya ta samu, tare da adadin data da kowane mataki ya ci, tana da masu bukata daga Damazin har Maraɗi.

Mafi yalwar fage kuwa shi ne gona. Aikin Jazira, tare da ƙarin Managil, ya haura fadan miliyan biyu, hedkwatarsa tana Barakat. Ruwa yana fitowa daga madatsar Sinnar ya bi manyan magudanai zuwa tur'a, daga tur'a ƙaramin magudanin da ake kira Abu Ishrin ya kai shi nimra, yankin gona mai fadan 90, daga nan Abu Sitta, wanda ya fi shi ƙanƙanta, ya raba shi ga hawasha, wato gonar kowane manomi. A yau taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Turai ta fara harbawa a 2015, suna ba da hoton ƙasa kyauta, kowane ɗigo na hoton faɗin mita goma ne a tsawon mita goma. Fadan guda murabba'in mita 4,200 ne, wato ɗigo 42 ke nan. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta buɗe ma'ajin bayananta na WaPOR a 2017 don auna yawan amfanin da ake samu daga ruwan ban gona. Kamfanoni da yawa suna gina manhaja a kan irin waɗannan bayanai, suna kuma son labarin yadda ta yi a gonar gaske.

To, hoto daga sama yana ganin kore, amma ba ya ganin hannun da ya jawo koren. A da, nimra guda shuka guda take ɗauka bisa tsarin hukuma. Tun da dokar 2005 ta ba manomi damar zaɓen abin da zai shuka, sai a tarar da dawa da gyaɗa da albasa a jere, manhajar da aka horar a kan manyan gonakin Amurka ta rikice. A tsakiyar damina gajimare yakan rufe hoton a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Hawashar da ke ƙarshen tur'a tana iya bushewa ba don sakacin mai ita ba, sai don laka da ciyawa sun toshe hanya tun daga sama. Babban abin da ɗan kambo ya sani, wanda ba ya cikin kowane kundi, shi ne sunan da ke rajista sau da yawa ba shi ne mai aikin ba. Wani ya karɓi hawashar dugundi, wato haya, na shekara guda. Wani yana noma ta a raba amfani da mai ita. Manhajar ba da shawarar ban ruwa, ko bashin iri da taki, in ta ɗauka kowace gona mutum ɗaya gare ta, saƙonta zai tafi wayar wanda ke zaune a Madani ko Khartum, mutumin da ke tsaye a bakin Abu Sitta da tsakar dare bai ji komai ba. Maƙalar da ta nuna yadda za a tsara ma'ajin bayanai ya rarrabe mai rajista da mai haya da mai aiki, na kowace kaka daban, ta taimaki injiniyoyi, ta kuma hana a shafe iyayen mai rubutun daga lissafi. Irin wannan ce ta cancanci a ɓata mata watanni.

Samun batu bai isa ba sai an gwada. Duk layin umarnin da zai shiga maƙala, wajibi ne marubuci ya kunna shi da hannunsa, daga farko har ƙarshe, a kan na'urar da ba a shirya ta tun da ba, ya kuma rubuta fitowar kowace manhaja da ya yi aiki da ita. Sannan ya miƙa wa wani abokin karatu ya bi matakan ba tare da an yi masa bayani da baki ba. Duk inda abokin ya tsaya yana tambaya, nan rubutun ke da rami. Alƙaluma kuma a faɗe su yadda aka same su. In waya uku aka gwada, a ce uku. In dabarar ta ƙi a kan ɗaya, a faɗa, domin mai karatu ya fi amfana da sanin inda abu ke karyewa.

Kafin a tuntuɓi edita, sai a karanta abin da mujallarsa ta buga a 'yan watannin baya, a ga tsawon maƙalunta, da irin masu karatunta, da abin da ta riga ta taɓa. Yawancinsu suna da ƙa'idojin marubuta a rubuce, kuma shirye-shiryen karɓar baƙi sukan buɗe su rufe, saboda haka a tabbatar ana karɓa a lokacin. Ba a fara aika maƙala gaba ɗaya sai in haka suka nema. Gajeriyar wasiƙa ake aikawa. A nan tarbiyyar gida tana bukatar ɗan sassauci. Mutumin Sudan ba ya shiga magana sai ya gaisa ya sake gaisawa, ya tambayi iyali da gajiya, wannan kuwa abu ne mai kyau a zaure. Edita yana da wasiƙu da yawa a gabansa. Sallama guda, da sunansa a rubuce daidai, in Balarabe ne a haɗa da Ustaz ko Bash-muhandis, sun wadatar. Sai a faɗi matsalar, da wanda za ta amfana, da abin da aka riga aka gwada, da tsawon da ake nufi, da ranar da za a kawo. Kada wasiƙar ta zama ta roƙo. Wahalar yaƙi da gudun hijira gaskiya ce, amma in za a ambace ta, a ambace ta a matsayin yanayin da aka yi gwajin a cikinsa. Batu guda, gida guda ake kai wa a lokaci guda. In mako biyu suka wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya cikin ladabi. In ya ce a'a, a yi godiya, a kai wani wuri.

Yawancin waɗannan mujallu da Turanci suke, ko da yake akwai na Larabci, kamar Akademiyar Hsoub da ke buga darussan manhaja. Raunin Turanci bai kamata ya hana kowa ba, domin gajerun jimloli masu gaskiya edita yana iya gyara nahawunsu. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne ɗabi'ar darasin insha'i, inda ake koya wa ɗalibi ya buɗe da doguwar shimfiɗa a kan ci gaban zamani da muhimmancin ilimi. Mai karatun maƙalar manhaja aiki ne ya tsaya masa. Sakin layi na farko ya gaya masa matsalar da abin da zai iya yi in ya gama karantawa.

Edita zai yanke, zai sauya, wani lokaci har da take. A 1968 Edsger Dijkstra ya aika wa mujallar Communications of the ACM ɗan rubutu yana sukar umarnin nan na tsallake da ake kira goto. Editan, Niklaus Wirth, ya mai da shi wasiƙa don a buga da wuri, ya kuma sauya masa take, da taken editan ne duniya ta san rubutun har yau. Gyaran salo da tsari haƙƙin mai gida ne, matashi ya karɓa ya koya. Gyaran da zai sauya gaskiyar abin da aka gwada kuwa, ko ya cire wurin da aka faɗi gazawar kayan kamfanin, nan marubuci yana da ikon ya ƙi, ko da za a fasa bugawa. Sunansa ne a kai. Maƙalar da ta koma kirarin kamfani, masu karatu suna gane ta tun daga layin farko, ba sa kuma manta wanda ya sa mata hannu.

Amana ta farko ita ce kada a ɗauki aikin wani a ce na kai ne. Ɗaliban zaure sun san darajar isnadi: ana faɗin wanda aka karɓo karatu daga gare shi. Umarnin da aka aro daga manhajar da aka saki kyauta yana da lasisi, kamar MIT ko GPL, kowanne da sharaɗinsa, a karanta a bi. Na'urorin da ke rubutu da kansu, irin ChatGPT da ya fito a Nuwambar 2022, sun ƙara wa editoci zargi. A Fabrairun 2023 mujallar ƙagaggun labarai ta Clarkesworld ta rufe karɓar rubutu na ɗan lokaci saboda ambaliyar abin da na'ura ta haɗa. Wanda ya yi amfani da irinsu wajen gyara Turancinsa ya duba ƙa'idar gidan, ya kuma faɗa in an tambaya. Akwai kuma dillalan da ke ba matasa 'yan kuɗi su cusa tallar wani cikin maƙala a ɓoye. Edita in ya gano, ƙofar ta rufu ke nan, editoci kuwa suna jin labarin juna.

Amana ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta mutanen gida. Tsarabar da marubuci ya ɗauko rayuwar maƙwabtansa ce. Hoton fuskar waya da zai sa a maƙala kada ya nuna sunan kowa, ko lambar asusu, ko lambar ɗan ƙasa. A ƙirƙiri na misali, a faɗa cewa na misali ne. Taswirar hawasha kada ta nuna gidan wani. Kada a ambaci wanda ke da Starlink a ƙauye, ko wanda ke canza kuɗin waya zuwa takarda, ko hanyar da aike ke bi. Mutanen da suka ga rikicin Shuɗin Nilu na Yuli da Oktoban 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, suka kuma ji abin da ya sami wasu kambo na Jazira a Janairun 2025, sun san abin da ambaton suna da ƙabila a wurin da bai dace ba yake jawowa. In dattijo ya ba da bayanin yadda ake raba ruwa ko amfanin gona, a gaya masa inda maganar za ta je, a nemi izininsa, a sakaya sunansa in ya so. Maƙalar fasaha ba ta bukatar hoton talauci don ta yi armashi.

Batun lada da haƙƙin mallaka a gama shi a rubuce kafin a fara aiki. Amurka ta sa wa Sudan takunkumi a 1997, abin da ya sa har ma'ajin manhaja na SourceForge ya toshe masu shiga daga ƙasar a 2010. An sassauta a kan kayan sadarwa a Fabrairun 2015, aka ɗage babban takunkumin a Oktoban 2017, aka cire Sudan daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disambar 2020, amma har yanzu bankuna da kamfanoni da yawa suna ɗari-ɗari, PayPal kuma ba ya aiki a ƙasar. Saboda haka a gaya wa edita tun farko inda ake zaune, a tambaye shi ta wace hanya zai iya biya. Yin ƙaryar ƙasa ko aron takardun wani don a karɓi kuɗi yana iya jawo rufe asusu da zubewar mutunci a kan ladan maƙala guda. In biyan ba zai yiwu ba, marubuci ya auna da kansa ko sunan da zai samu ya ishe shi, ya shiga da ido buɗe. Sai kuma a duba yarjejeniya: wani gidan yana saye rubutun ɗungum, wani yana neman ya fara bugawa ne kawai, bayan wasu watanni mai shi ya yi yadda ya so.

Bayan an buga, aiki bai ƙare ba. Masu karatu za su nuna kuskure, wanda ya tabbata a gode a sanar da edita ya gyara. Manhaja tana sabuntawa, umarnin da ya yi aiki bana yana iya ƙi baɗi, don haka a bar ranar gwaji da fitowar da aka gwada a saman maƙala, a kuma leƙa ta lokaci-lokaci.

Sharaɗi guda da ya kamata matashin wannan yanki ya nema a kowace yarjejeniya shi ne ikon mayar da maƙalarsa cikin Hausa da Larabci. Kamfanin da Turanci yake bugawa ba shi da asara a wannan, neman kuma ya fi sauƙi kafin a sa hannu. Ta Hausar za ta bukaci siffa biyu. Masu karatu a Kano da Zariya da Maraɗi boko suke so, kuma sai an yi musu bayanin hawasha da nimra da dugundi, tun da tsarin gonarsu daban ne. Mutanen gida kuwa da haruffan Larabci za su fi karantawa, waɗanda ba sa karatu kuma a ɗaukar musu abin da ya shafe su da murya, a taƙaice, a tura ta waya.